Auna lafiyar ruwan bakin teku da foraminifera: jagora ga ɗalibanmu na Arewa

Ɗan Garwa ko Marwa ko Kuseri a arewacin Kamaru, ko ɗan Injamena a Chadi, yana iya ganin teku ba ta shafe shi ba, amma ta shafe shi. Man da ake haƙowa a yankin Doba na Chadi yana bin bututu mai tsawon kilomita 1,070 tun shekarar 2003, ya fita ta Kiribi a gaɓar tekun Kamaru. Kayan da manyan motoci ke haurowa da su Ngaundere su wuce Chadi, ta tashar jiragen ruwa ta Duwala mafi yawansu ke sauka, ga kuma sabuwar tashar Kiribi da ta fara aiki a 2018. Duk inda jirage da masana'antu da gari mai cunkoso suka haɗu a gaɓa ɗaya, dole a samu masu sa ido a kan ruwan. Ina son a samu 'ya'yanmu a cikin masu wannan aiki, shi ya sa na rubuta wannan jagora domin ƙannena masu karatun ilimin ƙasa da na halittu, musamman waɗanda aikin digiri zai kai su gaɓa da ɗan guzuri da ƙarancin kayan aiki. Hanyar foraminifera tana cikin mafi sauƙin kuɗi, amma tana neman tsanaki fiye da yadda ake zato.

Mene ne su, kuma me ya sa ake tambayarsu

Foraminifera halittu ne masu ƙwayar rai ɗaya tak. Kusan kowace tana gina wa kanta ɓawo, galibi mai ɗakuna, tana ƙara sabon ɗaki yayin da take girma, tana kuma fito da wasu siraran zarurruka ta kafofin ɓawon don kama abinci da rarrafe. Mafi yawansu girmansu tsakanin kashi ɗaya cikin goma na milimita ne zuwa milimita ɗaya, don haka ido ba ya raba su da yashi. Bafaranshen nan Alcide d'Orbigny ne ya tsara su a matsayin rukuni a 1826. Duwatsun da aka gina dalar Giza ta Masar da su cike suke da ɓawon wani babban jinsinsu mai suna Nummulites. Mu ma ba baƙinmu ba ne: kimanin shekara miliyan 95 da suka wuce teku ta shigo kwarin Binuwai, kuma ana samun ɓawonsu a duwatsun laka da ta bari a can.

Dalilin amfani da su huɗu ne, kuma suna haɗe da juna. Suna da yawa, cikin cokali ɗaya na laka kana iya samun ɗaruruwa. Ba sa gudu kamar kifi idan ruwa ya ɓaci, inda suke nan za su jure ko su mutu. Rayuwar ƙananan ba ta wuce makonni ko watanni, saboda haka sauyin ruwa yana bayyana a jikin al'ummarsu da wuri. Sannan bayan sun mutu ɓawon yana zama a cikin laka, ya ajiye labarin shekarun baya.

Wanda ya ɗebi ruwa a kwalba ya kai ɗakin gwaji, labarin wannan sa'ar kawai zai samu. Idan masana'anta ta saki ƙazanta da dare, kafin safiya igiyar ruwa ta tafi da ita. Kamar mai son sanin yadda damina ta kasance ne ya tsaya kallon hadarin rana ɗaya, alhali ga gero a gona yana faɗa masa komai. Foraminifera su ne geron.

An fi gyara wannan ilimi a gaɓoɓin da ke da ɗumi amma ba su kai tsakiyar duniya ba, irin su kudancin Fulorida da gaɓar Luwiziyana a Amurka, da mashigin Gabes a Tunisiya inda masana'antar fosfat ke aiki tun shekarun 1970, da gabashin Ostireliya. Gaɓar Kamaru ta fi galibin waɗannan ruwan sama da laka. Ku riƙe wannan, domin za mu dawo kansa wajen lissafi.

Mataki na farko: tambaya da zaɓen wuri

Kada ku taɓa laka kafin ku rubuta tambayarku a jimla ɗaya. "Zan binciki gurɓatar teku" ba tambaya ba ce. "Shin al'ummar foraminifera tana canzawa yayin da ake nisa da bakin wannan magudanar ruwan kwata?" ita ce tambaya, domin ita da kanta tana gaya muku inda za ku tsaya.

Ku ja layi daga tushen da kuke zargi zuwa nesa, ku sa tashoshi a kansa, na kusa su matsu da juna, na nesa su buɗe. Daga nan sai abin da ya fi komai muhimmanci: wurin kwatanci. Wato wani wuri da ya yi kama da naku a zurfi, da yawan gishiri, da laushin laka, amma ƙazantar ba ta kai shi ba. Idan babu shi, duk abin da kuka ƙirga ba shi da abokin gwami. Mutum zai dawo da rahoton cewa jinsi uku kawai ya samu a bakin kogi, ya ce ruwan ya mutu, alhali bakin kogi haka yake tun asali, saboda ruwan daɗi da na gishiri suna ta musanya a can kuma 'yan jinsi kaɗan ne ke jure hakan. Samun wurin kwatanci mai kyau ya cancanci ku ɓata masa kwanaki.

Lokaci ma yana da tasiri. A Duwala ruwan sama na shekara yana kusan milimita 4,000, ninki huɗu na abin da muke samu a Garwa. Lakar watan Agusta da ta watan Fabrairu ba ɗaya ba ne. Idan kuɗi ya isa, ku ɗiba da damina da rani. Idan sau ɗaya za ku iya, ku gama duk tashoshin cikin 'yan kwanaki kaɗan, ku kuma rubuta cewa sakamakon na wannan lokacin ne kaɗai.

Kafin ku shiga ruwa ku nemi takardar izinin bincike ta hannun jami'arku, ku je ku gaida sarkin ƙauyen da shugaban masunta. Baƙo ne ku, kuma mai kwalekwalen da za ku ɗauka ya san inda laka take da inda dutse yake da lokacin da teku ke janyewa fiye da kowace taswira. Ku girmama shi kamar yadda za ku girmama dattijon masunta a tafkin Lagdo, ku sa rigar kariya ko da kun iya iyo a Binuwai, domin igiyar teku wani abu ne dabam.

Mataki na biyu: kayan aiki

A watan Yunin 2011 masana suka taru a Firibur ta ƙasar Suwizalan suka amince da ƙa'ida ɗaya ta ɗibar samfur, aka buga ta a 2012 da sunan FOBIMO. Ita zan bi a nan, domin wanda ya bi ta ana iya gwada sakamakonsa da na kowa a duniya.

Kuna bukatar bututun roba mai faɗin santimita 8 daga ciki, an fiƙe bakinsa ɗaya. Wannan faɗin yana ba da fili kusan murabba'in santimita 50. Sai abin turo laka daga ƙasa wanda ya cika bututun daidai, da zobe mai tsayin santimita ɗaya da aka yanko daga irin bututun, da siririn farantin ƙarfe na yanka. Sai robobi masu murfin da ba ya yoyo, da itanol mai ƙarfin da ya haura kashi 70 cikin ɗari, da garin rini mai suna Rose Bengal. Sai rariya biyu ta ɗakin gwaji, mai ido maikiromita 63 da mai 125 (maikiromita dubu ne milimita ɗaya). Rariyar nan ba ta da madadi a kasuwa, matankaɗin gari ba zai yi ba, don haka ku nemi aronta tun kafin ku hau jirgin ƙasa daga Ngaundere. Ga kuma na'urar auna gishiri da zafi da iskar oksijin, idan an samu, da wayar da ke nuna lambobin wuri. Farin faifai na auna hasken ruwa, wanda Angelo Secchi ya fara amfani da shi a 1865, kuna iya haɗa shi da kanku: faifai mai faɗin santimita 30, farin fenti, nauyi a ƙasa, igiya mai alamar mita.

Mataki na uku: ɗibar laka

Masu rai a saman laka suka fi taruwa, cikin santimita ɗaya na farko. Duk wahalar aikin ita ce a kawo wannan santimita ɗin ba tare da ya hautsine ba.

Inda ruwa bai da zurfi, ko inda teku ta janye, ku tunkari wurin daga ɓangaren da ruwa ke tafiya, don kada ƙurar ƙafarku ta sauka a kan abin da za ku ɗiba. Ku danna bututun a tsaye, a hankali, ya shiga kamar santimita goma. Ku toshe samansa, ku zura hannu ta gefe ku tare ƙasansa, ku ɗago shi a miƙe. Yanzu ku duba. Ruwan da ke saman lakar a cikin bututun ya kamata ya zama garau, fuskar lakar kuma a shimfiɗe, sau da yawa da wani siririn launi ruwan ƙasa-ƙasa a kanta, ƙarƙashinsa toka-toka ko baƙi. Idan ruwan ya yi duhu ko fuskar ta karkace, ku zubar ku sake. Babu amfanin ɗaukar samfurin da ya hautsine don kawai rana ta yi zafi.

Ku zuƙe ruwan saman da siririn tiyo ku tace shi a rariyar 63, domin wasu suna tashi a cikinsa. Ku ɗora zoben a bakin bututun, ku turo lakar daga ƙasa har ta cika zoben daidai, ku zura farantin yanka tsakanin zobe da bututu, ku juye abin da ke sama cikin roba. Wannan shi ne samfur ɗaya, kimanin santimita 50 na cika.

A kowace tasha ku yi haka sau uku, kowanne da nasa dannawar, tsakaninsu ɗan taki. Kada ku raba ɗiba ɗaya gida uku ku kira shi uku. Foraminifera zaman tsibi-tsibi suke yi, nan da yawa, taki ɗaya gaba kusan babu, kuma ukun nan ne za su nuna muku ko bambancin da kuka gani tsakanin tashoshi na gaske ne. Ku ƙara ɗiba ta huɗu wadda ba za a sa mata rini ba, domin auna laushin laka da yawan ruɓaɓɓen abu da ƙarafa.

A wuri mai zurfi ana sauke na'ura daga jirgi. Wadda ke damƙo laka da baki biyu ita aka fi samu, amma tana wanke saman nan da muke nema yayin da take haurowa. Idan ita kaɗai gare ku, ku yi amfani da ita, ku faɗi haka a fili cikin rahoto.

Kafin ku bar tashar ku rubuta komai a littafi: lambobin wuri, sa'a, zurfi, ko teku na cika ko tana janyewa, gishiri, zafi, zurfin da farin faifai ya ɓace, launin laka da warinta. Laka mai warin ruɓaɓɓen ƙwai tana nuna iskar oksijin ta ƙare a cikinta. Lambar samfur a rubuta ta da fensir a ɗan takarda mai ƙarfi a jefa cikin robar, domin itanol yana goge tawadar biro da ta alƙalamin maka, ko da a jikin murfi aka rubuta.

Mataki na huɗu: rini, inda ake raba mai rai da matacce

A nan aikin da yawa ke lalacewa, don haka zan daɗe a kai. A cikin lakar nan akwai ɓawon da mai shi ke raye a ranar da kuka ɗiba, akwai na waɗanda suka mutu bara, akwai wanda igiyar ruwa ta kwaso daga wani wuri mai nisa. Idan aka haɗa su duka aka ƙirga, wurin da ya mutu shekara biyar da suka wuce yana iya fitowa da kamannin lafiya.

Tun 1952, lokacin da William Walton ya gabatar da hanyar, ana amfani da Rose Bengal wajen rarrabewa. Rinin yana kama naman da ke cikin ɓawo ya mai da shi ja mai haske, ɓawon da babu kowa a ciki kuma ya bar shi yadda yake. A narkar da giram 2 cikin lita ɗaya ta itanol tun kafin a fita. A zuba wa samfur aƙalla daidai yawan lakar, gara ma ya fi, a rufe, a jujjuya a hankali har sai babu dunƙulen da ya rage. Kada a girgiza da ƙarfi, masu ɓawon yashi suna farfashewa. Daga nan a bar shi aƙalla kwana 14. Wanda ya wanke bayan kwana uku saboda malami na jiran sakamako zai samu masu kaurin ɓawo ba su kama ba, ya lissafa su cikin matattu.

Ga abin da ya shafe mu musamman. Samfurin zai bi doguwar hanya zuwa Arewa, kuma a watan Maris da Afrilu zafin Garwa da Injamena yana haura digiri 40. Itanol yana tsere wa ta ƙaramar kafa. Ku naɗe bakin kowace roba da salatif, ku jera su a tsaye cikin akwati mai rufi, nesa da wuta da rana, ku riƙa dubawa kuna ƙarawa idan ya ragu. Rinin kuma yana kama fata da tufafi, a sa safar hannu.

Ku sani rinin ba ya cewa "wannan na raye", cewa yake "akwai nama a nan". A lakar da babu oksijin, naman mataccen yana iya daɗewa makonni ko watanni bai ruɓe ba. Wani lokaci kuma ƙwayoyin cuta ko wata 'yar tsutsa ce ta shiga ɓawon da ba kowa. Saboda haka ku kafa wa kanku doka mai tsauri tun farko: ba za a ƙirga shi mai rai ba sai dukkan ɗakunan sun yi ja sosai, in ban da na ƙarshe ɗaya ko biyu, waɗanda sau da yawa ba kowa a cikinsu. Ɗigon ja a ɗaki ɗaya, ko shafe-shafen ja a bayan ɓawo, ba shaida ba ne. Ku rubuta dokar a bangon littafinku, ku bi ta daga samfurin farko har na ƙarshe, ko da ta rage muku adadi.

Mataki na biyar: wanki da busarwa

Ku auna cikar lakar, ku juye ta a rariyar 63, ku sakar mata ruwa mai laushi kamar yayyafi har sai abin da ke fita ta ƙasa ya yi fari tas. Ba a murza ta da yatsa. Abin da ya rage a raba shi da rariyar 125. Ƙa'idar FOBIMO ta ce a yi babban lissafi da abin da ya fi 125, amma kada ku zubar da na tsakanin 63 da 125, domin a wuraren da ƙazanta ta yi yawa ƙananan jinsi ne ke cika wurin, kuma can suke maƙalewa.

Bayan kowane samfur a wanke rariya sarai da buroshi daga baya. Akwai dabarar tsoma ta cikin ruwan shuɗin rini na metilin: duk ɓawon da ya maƙale zai yi shuɗi, idan ya faɗa samfur na gaba za ku gane shi baƙo ne.

Wanda zai iya tsinta a jiƙe, cikin ruwa ko itanol, ya fi, domin jan ya fi fitowa kuma masu rauni ba sa rushewa. Idan za a busar, kada zafi ya wuce digiri 40 zuwa 50. A wajenmu inuwar ɗaki ta isa. A rufe da takarda, musamman da hunturu, domin ƙurar da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele cike take da ɓaraguzan ƙananan halittun tsohon tafki, kuma ba ku son ta a farantinku.

Mataki na shida: tsinta da ganewa

Ku barbaɗa kaɗan a baƙin faranti mai layuka, siriri yadda ƙwaya ba ta hau kan ƙwaya ba, ku sa a ƙarƙashin madubin ƙara girma mai ido biyu, ninki 20 zuwa 40. Da farko yashi kawai za ku gani. Can sai ido ya faɗa kan wani abu mai tsari, naɗaɗɗe kamar dodon koɗi, ɗakunansa na bin juna daga ƙarami zuwa babba, yana ƙyalli, cikinsa ja. Ku jiƙa bakin buroshi mai lamba 000 da ruwa, ku taɓa shi, zai manne. Ku ɗora shi a kwalin ajiya mai gidaje da aka shafa wa danƙo. Danƙon tiragakant ake amfani da shi, amma ƙaro da aka tsinka sosai da ruwa yana yi idan an shafa shi siriri, da ɗigon man kanumfari don hana fumfuna.

Ku bi layi-layi, ku ɗauke duk wanda kuka tarar, babba da ƙarami, mai kyau da mummuna. Ido yana son manya masu kyan gani, kuma wanda ya bi son idonsa ya riga ya karkatar da sakamako. A al'ada ana neman kimanin 300 a kowane samfur. Idan sun yi yawa a raba samfurin da na'urar rabawa, a gama kason da aka ɗauka gaba ɗaya.

Ganewa tana farawa da irin ɓawo. Akwai masu ɓawon yashi, waɗanda ke manna ƙwayoyin yashi su yi gida, jikinsu da kaushi, irin su Ammobaculites da Trochammina da Textularia. Akwai masu ɓawon tangaran, farare sumul marasa kafofi, irin su Quinqueloculina. Su waɗannan ba a ganin cikinsu da sauƙi, sai an jiƙa su, wani lokaci sai an fasa ɗaya don a tabbatar da ja. Sai masu ɓawon gilashi masu ƙananan kafofi: Ammonia, naɗaɗɗiya mai tudu a gefe ɗaya, Elphidium, wadda gefenta biyu iri ɗaya ne kuma tana da jerin 'yan ramuka a kan layukan da ke raba ɗakuna, Bolivina, doguwa mai ɗakuna jeri biyu kamar kitso, da Amphistegina, babba mai santsi, mai kumburi a tsakiya. Ga mai farawa, kaiwa ga sunan dangi ya isa yawancin lissafin da ke tafe. Sunayen da kuka samu a tsofaffin littattafai ku tantance su a rumbun sunayen halittun teku na WoRMS da ke intanet, kyauta ne, domin an sauya da yawa.

Mataki na bakwai: lissafi, da zaɓen ma'aunin da ya dace

Wanda ya fi shahara shi ne ma'aunin FORAM, wanda Pamela Hallock ta Jami'ar Kudancin Fulorida da abokan aikinta suka fitar a 2003. Tushensa shi ne wasu manyan foraminifera, irin su Amphistegina da Archaias da Sorites da Heterostegina, suna ajiye ƙananan gansakuka masu rai a cikin jikinsu, gansakukar na samar musu abinci da hasken rana, daidai yadda murjani ke yi, wato halittar nan mai gina duwatsu a cikin teku. Saboda haka ruwan da suke so shi ne wanda murjani ke so: garau, mai ƙarancin taki. Idan ruwan kwata ko takin zamani ya shigo, ruwa ya yi kore, haske ya ragu, sai ƙananan masu saurin haihuwa su mamaye wurin.

Ana tsintar ɓawo 150 zuwa 200, a raba su gida uku: masu gansakuka, masu jure wahala irin su Ammonia da Elphidium da Bolivina, da sauran ƙanana irin su Quinqueloculina da Rosalina da Textularia. A fitar da kason kowane gida daga jimla. Na farko a ninka shi da 10, na biyu da 1, na uku da 2, a tara. Ga misali na koyo: cikin 200, an samu 90 masu gansakuka, 30 masu jure wahala, 80 sauran. Kasonsu 0.45 da 0.15 da 0.40. Lissafi ya zama 4.5 da 0.15 da 0.8, jimla 5.45. Wani samfurin kuma mai 10 da 120 da 70 zai ba da 0.5 da 0.6 da 0.7, jimla 1.8. Abin da ya haura 4 yana nuna ruwan da murjani zai iya girma a ciki. Tsakanin 2 da 4 wuri ne da ke tsaka-tsaki, idan murjani ya lalace da wuya ya farfaɗo. Ƙasa da 2 ruwan bai dace da shi ba. Ku lura cewa wannan ma'aunin da gangan yake amfani da dukkan ɓawon da ke cikin yashi, mai rai da matacce, don ya ba da matsakaicin 'yan shekaru. Kada ku cakuɗa lambobinsa da na masu rai.

Yanzu ga abin da na ce ku riƙe. An gina ma'aunin FORAM domin ruwan murjani na Fulorida da Karibiyan. Idan kuka ɗauke shi kuka ɗora a kan lakar bakin kogin Wuri da ke Duwala, zai ba ku ƙasa da 2 ko'ina, har a wurin da ɗan Adam bai taɓa zuba komai ba, domin ruwan da manyan koguna ke cika wa laka ba mazaunin masu gansakuka ba ne tun fil'azal. Lambar za ta fito daidai a lissafi, amma maganar da za ta faɗa ƙarya ce. Ina ganin wannan kuskuren ya fi kuskuren ƙirga haɗari, domin yana shiga rahoto da kamannin ilimi, wani ya yanke hukunci a kansa.

A wuri mai laka akwai ma'aunin da ya fi dacewa, na Ammonia da Elphidium, wanda Barun Sen Gupta da abokansa suka gabatar a 1996 daga gaɓar Luwiziyana, inda takin da kogin Misisifi ke kwasowa ke janyo ƙarewar oksijin a ƙasan teku duk bazara. Ammonia ta fi Elphidium jure rashin iska. A raba adadin Ammonia da jimlar su biyun, a ninka da 100. Ammonia 160 da Elphidium 40 sun ba da 80. Yadda lambar ke hawa daga wurin kwatanci zuwa bakin magudana shi ne labarin, ba lambar tasha ɗaya ita kaɗai ba. A haɗa da yawan jinsi a kowace tasha, da yawan masu rai a kowane santimita 50, da kason da jinsi mafi rinjaye ya cinye. Wurin da ruɓaɓɓen abu ya yi yawa sau da yawa jinsi kaɗan ne amma adadinsu ya yi tashin gwauron zabi. A bakin tushen kuma, inda abin ya wuce kima, ana iya rasa kowa.

Sai naƙasassu: ɓawon da ɗakinsa ya kumbura fiye da kima, ko naɗinsa ya karkace, ko biyu suka manne. A ruwa mai lafiya ba su cika wuce ɗaya cikin ɗari ba. An ga sun ƙaru a wuraren da dalma da jan ƙarfe da tutiya da kadmiyam suka taru a laka. Amma gishirin da ya yi yawa ko yake hawa da sauka shi ma yana naƙasa su, don haka kada ku ambaci ƙarfe sai gwajin ɗiba ta huɗun nan ya nuna shi. Haka nan a cikin dajin itatuwan bakin teku, lakar tana da tsami, tana narkar da ɓawon alli, sai ku tarar da masu ɓawon yashi kusan su kaɗai. Wannan halin wurin ne.

Wanda ya samu hali ya ɗauki doguwar ɗiba, rabin mita ko fiye, ya yanka ta santimita-santimita. Matattun da ke ƙasa su ne al'ummar wurin kafin a gina tasha ko masana'anta, kuma ana iya sanin shekarun kowane yanki na kimanin ƙarni ɗaya da gwajin dalma-210. A inda aka rasa wurin kwatanci saboda gaɓar duk ta cika da mutane, wannan ce hanyar samunsa.

Kafin tafiya, da bayan dawowa

Foraminifera 'yan ruwan gishiri ne, ba za ku same su a Lagdo ko Logon ko Tafkin Chadi yadda ake samunsu a teku ba. Amma hannu yana iya koyon aikin a gida. Ku je gefen Binuwai da rani ku gwada danna bututu da yanka santimita ɗaya har ya zama ba kwa hautsina shi. Ku wanke a rariyar 63, ku zauna gaban madubi. Za ku tarar da ostirakod, 'yan ƙananan dangin jatan lande masu ɓawo biyu, waɗanda su ma ake auna ruwan daɗi da su ta kusan wannan hanya, kuma tsintarsu da buroshi daidai take da tsintar foraminifera. Wanda ya saba da su ba zai ɓata samfurin da ya sha wahalar kawowa daga Kiribi wajen koyo ba.

A rahoto ku sa teburin ƙirga gaba ɗaya, tasha-tasha, kowace ɗiba daban, ba matsakaici kaɗai ba. Ku faɗi girman idon rariya, da kwanakin da samfur ya yi a rini, da dokar da kuka bi wajen cewa wannan mai rai ne. Ku ɗauki hoton kowane jinsi, ko da ta waya ce a bakin madubi. Kwalayen da kuka manna ɓawon a kai ku rubuta musu lamba da wuri da kwanan wata, ku miƙa su ga sashenku tare da ragowar busasshen samfur da kwafin littafin fili, a ajiye su cikin akwati mai rufi inda damshi da gara ba za su kai ba, domin wanda zai koma waɗannan tashoshin bayan shekara goma da su zai gwada abin da ya samu.